Nahawun Izini: Shirya Rumbun Bayanai na Gajimare Don Tsare Ƙa'idar Ma'aikata

Kowace ma'aikata da ke riƙe da sirrin mutane, banki ne ko asibiti ko jami'a, tana da rubutacciyar ƙa'ida wadda ta fayyace wanda ya halatta ya ga wannan sirri da wanda bai halatta ba. A zamanin fayil da kabad, tsare wannan ƙa'ida aikin akawu ne da mabuɗinsa. Ya san fuskar kowa, ya san wanda aka sauya wa ofis, in kuma baƙo ya zo da takardar da ba ta kwanta masa a rai ba, sai ya ce a dawo gobe. Yau da yawa daga cikin waɗannan fayiloli sun koma abin da ake kira gajimare, inda babu akawu, sai na'ura wadda ba ta san fuskar kowa ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa na'ura ba ta iya tsare ƙa'ida sai an yi mata share fage, kuma mafi yawan wannan share fage aikin fassara ne, watau juya maganar mutane zuwa jimlar da ba ta da harshen damo.

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware ma'anar gajimare, domin sunan yana ruɗarwa. Ba a sama yake ba. Manyan gidaje ne cike da kwamfutoci, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, waɗanda ake haya ta hanyar intanet. Amazon ya buɗe ma'ajiyarsa mai suna S3 a 2006, kuma a 2020 ya buɗe cibiyarsa ta birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Yarjejeniyar da ke tsakanin waɗannan kamfanoni da masu haya ta yi kama da ta mai gida da ɗan haya. Mai gida shi ke da alhakin katanga da ƙaure da maigadi. Amma kulle ɗaki, da zaɓen wanda za a bai wa mabuɗi, wannan yana wuyan ɗan haya. Abin da zai biyo baya duka a kan rabon ɗan haya yake.

A ɗauki jimla irin wadda ake samu a littafin ƙa'idar kowane banki: kada kowa ya duba bayanin abokin hulɗa sai in aikinsa ya buƙaci haka. Mutum mai hankali yana jin wannan ya gane. Na'ura kuwa tambayoyi za ta jero. Shin "kowa" ya haɗa da ɗan kwangila da aka ɗauka na wata uku? Ya haɗa da manhajar da ke tashi cikin dare tana haɗa lissafi? Shin "duba" ya haɗa da kwafa, ko sauyawa, ko gogewa? Mene ne "bayanin abokin hulɗa", sunansa kaɗai, ko har da garin da yake zaune? Wa kuma zai yanke cewa aiki "ya buƙaci haka"? A tsarin Amazon, alal misali, kowane izini jimla ce mai gurabe ƙayyadaddu: yarda ce ko hani, wa ake nufi, wane aiki, a kan wane abu, bisa wane sharaɗi. Ɗalibin nahawu zai gane su nan take, domin aikau ne da aikatau da karɓau da bayanau. Bambancin kawai shi ne, a nan ba a yarda da sakaya ba, kuma duk gurbin da aka cika da alamar tauraro, na'ura tana karanta shi da ma'anar "duka".

Tushen wannan nahawu ya girmi gajimare nesa ba kusa ba. A 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka wallafa ƙa'idoji takwas na tsare bayanai a kwamfuta. Uku daga ciki su ne ginshiƙin aikin yau: a bai wa kowa mafi ƙarancin izinin da zai ishe shi aikinsa, asalin kowace ƙofa ya zama a rufe take sai an ce a buɗe, sa'an nan a binciki kowace buƙata a duk lokacin da aka zo da ita. Tsarin Amazon ya bi ta biyu sau da ƙafa, don abin da ba a ambaci halaccinsa ba haramtacce ne, in kuma yarda da hani suka ci karo, hani ke rinjaye. Ta farko ita ce ta fi wuya, domin babu kamfanin gajimaren da ya san iyakar aikin ma'aikacin wani.

Aikin shiri yana farawa ne daga karɓau, watau abin da za a tsare. Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda babu wani abin burgewa a cikinsa. Tilas ma'aikata ta ƙidaya abin da ta ajiye: jadawali nawa, ma'ajiya nawa, wa ya ƙirƙire su, me ke cikinsu, wa zai amsa tambaya a kansu. Bayan ƙidaya sai sa shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbobinsa don a gane na wane ne. Ana liƙa wa kowane jadawali, har ma kowane ginshiƙi na cikinsa, alamar darajarsa: wannan na kowa ne, wannan na cikin gida, wannan sirri ne kamar lambar asusu ko sakamakon gwajin jini. Amfanin shaidar shi ne ana iya rubuta ƙa'ida guda a kan alamar, sai ta hau kan duk abin da ke ɗauke da ita, har wanda za a ƙirƙira gobe. In babu shaida, sai a bi jadawali ɗaya bayan ɗaya ana rubuta izini, kuma a ma'aikatar da ke da dubbansu, ko ba jima ko ba daɗe za a manta da wani. Abin da ya faru a 2017 misali ne. Wani kamfanin nazarin zaɓe na Amurka, Deep Root Analytics, ya bar bayanan masu jefa ƙuri'a kimanin miliyan 198 a ma'ajiyar S3 wadda ba ta neman ko kalmar sirri. Ba fasa ta aka yi ba, a buɗe aka same ta. Irin wannan sakaci ya yawaita har Amazon ya fito da makullin hana buɗe ma'ajiya ga jama'a a 2018, sa'an nan a Afrilun 2023 ya mai da shi asali ga kowace sabuwar ma'ajiya.

Sai aikau. Tun 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar ma'auni ta Amurka suka tsara hanyar rataya izini ga muƙami maimakon ga mutum. Ana cewa mai karɓar kuɗi yana iya kaza, mai binciken lissafi yana iya kaza, sa'an nan a ɗora mutum a kan muƙamin. Ranar da aka sauya masa aiki, sai a sauke shi, izinin ya zauna inda yake. Hikimar a fili take, amma ba ta aiki sai rajistar ma'aikata tana magana da rumbun bayanai, ta yadda wanda aka sallama da safe ba zai iya shiga da rana ba. Inda wannan igiya ta tsinke, izini yakan taru a kan tsohon ma'aikaci kamar ƙura a kan kabad, kowane ofis da ya zauna ya bar masa nasa.

Har ila yau, na'ura ba ta san mutum ba, abin da ya nuna mata kawai ta sani. Wannan ya bayyana a 2024 ga masu hulɗa da Snowflake, kamfanin da ke ba da hayar rumbun nazarin bayanai. Binciken kamfanin Mandiant ya nuna cewa ma'aikatu kimanin 165 ne abin ya iya shafa, kuma ɓarayin ba su fasa katangar Snowflake ba. Sun shiga ne da sunaye da kalmomin sirri na gaskiya, waɗanda muguwar manhaja ta sato daga kwamfutocin ma'aikata da 'yan kwangila, wasunsu tun 2020, ba a kuma sauya su ba. Asusun ba su neman shaida ta biyu, irin lambar da ake tabbatarwa ta wayar hannu, ba a kuma ƙayyade wuraren da za a iya shiga daga gare su ba. Cikin waɗanda abin ya ci har da kamfanin waya na AT&T, wanda ya sanar a Yulin 2024 cewa an kwashe rajistar kira da saƙonni ta kusan dukan masu amfani da wayar salularsa ta wasu watanni na 2022. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar izini ta yi aikinta daidai. An ce mata a bar wane ya shiga, wani ya zo da sunan wane, ta bar shi.

Shari'ar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce ta bankin Capital One na Amurka, domin banki ne da ya yi suna wajen rungumar gajimare, ba kuma za a ce jahilci ne ya kayar da shi ba. A watan Maris na 2019 wata tsohuwar ma'aikaciyar Amazon ta gano cewa an saita wata garkuwar intanet ta bankin ba daidai ba. Ta yaudari garkuwar har ta miƙo mata takardar shaidar wucin gadi ta muƙamin da aka ɗora ta a kai. Zuwa nan kuskure ɗaya ne, kuma irinsa yana faruwa. Abin da ya mai da shi bala'i shi ne faɗin izinin muƙamin. Aikin garkuwa tace baƙi ne a bakin ƙofa, ba ruwanta da takardun masu neman katin bashi, amma muƙaminta yana da ikon jera sunayen ma'ajiyoyi fiye da 700 da kwafar abin da ke cikinsu. Ta haka aka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada, ciki har da lambobin inshorar zaman jama'a kimanin 140,000 da lambobin asusun banki kimanin 80,000.

Akwai darasi biyu a nan da ba kasafai ake haɗa su ba. Na farko, aikau ɗin da ya yi ɓarna ba mutum ba ne, manhaja ce, kuma a manyan ma'aikatu irin waɗannan muƙamai na na'ura sukan fi na mutane yawa, alhali ba mai tuna ya bincike su, tun da ba sa zuwa hutu ba sa yin ritaya. Na biyu ya shafi kulle rubutu. Bankin ya ce bayanan a kulle suke, amma shigar da aka yi ta ba da damar kwance su, domin wanda aka halatta wa karatu, an halatta masa mabuɗi. Abin da ya tsira shi ne yawancin lambobin da aka riga aka cire aka maye gurbinsu da lambobin bogi, aka ajiye na gaskiya a wani wuri dabam. Bankin bai san abin da ya same shi ba sai a watan Yuli, bayan wata huɗu, kuma wani daga waje ne ya aiko masa da saƙo. A 2020 hukumar da ke sa ido kan bankunan tarayya ta ci shi tarar dala miliyan 80, kuma dalilin da ta bayar shi ne bai kafa ingantacciyar hanyar auna haɗari ba kafin ya kwashe ayyukansa zuwa gajimare. Watau laifin na rashin shiri ne.

Rumbunan nazari na yanzu sun ba da dama a sassauta tsakanin buɗewa duka da rufewa duka. Ana iya sa ƙa'ida a kan layi, ta yadda manajan reshen Kano da na reshen Sakkwato za su buɗe jadawali guda amma kowa ya ga mutanen reshensa kaɗai. Ana iya sa ta a kan ginshiƙi, mai amsa waya ya ga lambobi huɗu na ƙarshen asusu, sauran a lulluɓe. Sai dai duk wannan yana ƙarewa ne a bakin rumbu. Da zarar mai izini ya sauke jadawalin a kwamfutarsa ya aika wa abokin aiki, ƙa'ida ba ta bin sa. Shi ya sa ya kamata a ɗauki saukewa a matsayin aikatau mai zaman kansa, da izininsa dabam da na dubawa.

Doka ta ƙara wa wannan shiri nauyi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, dukansu sun ɗora wa mai riƙe da bayanai sanar da hukuma cikin awa 72 bayan ya san an keta su, in ketawar tana iya cutar da mutane. A Nijeriya tarar babbar ma'aikata tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ma'aikatar da ba ta ƙidaya kayanta ba, ba ta kuma ajiye rajistar wanda ya taɓa me da yaushe ba, kwana uku ba za su ishe ta ta faɗi abin da ya ɓace ba, balle ta faɗi na wa.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, wanda masu tsaro ba su cika son ambatonsa ba. In aka tsananta kulli har likita ya kasa ganin fayil ɗin majinyacin da aka kawo cikin dare, ko mai lissafi ya jira mako biyu kafin a amsa takardarsa, mutane za su nemi hanyar kewaye: aron kalmar sirri, ajiye kwafi a waya, ko roƙon mai kula da rumbu ya ɗora su a kan babban muƙami "na ɗan lokaci", lokacin da ba ya ƙarewa. Saboda haka tsarin da aka shirya da kyau yakan tanadi ƙofar gaggawa tun farko. Likitan yana iya buɗe fayil ɗin nan take, amma sai ya rubuta dalili, izinin ya mutu da kansa bayan 'yan awoyi, kuma washegari rajista ta kai sunansa gaban wanda aka naɗa ya duba ko dalilin ya karɓu.