Yadda Jiragen Fatake Suka Zama Jiragen Yaƙi a Ƙasar Sin

A darasinmu na tarihi mukan yi maganar dawakai da ganuwa, amma ba mu cika taɓo yaƙin ruwa ba. Bari mu duba abin da ya faru a ƙasar Sin wajen shekara 900 da suka wuce, lokacin da wata babbar daula ta rasa rabin ƙasarta, ta koma neman taimako wurin fatake.

A shekarar 1127 mayaƙan Jin, mutanen arewa masu dawakai, suka ci Kaifeng, babban birnin daular Song. Suka kama sarki da mahaifinsa, suka tafi da su. Wani ɗan sarki ya tsira ya gudu kudu, aka naɗa shi, shi ne ake kira Gaozong. Jin ba su ƙyale shi ba. Suka haye kogin Yangtze a 1129, suka bi shi har bakin teku, dole ya shiga jirgi ya yi ta yawo a kan ruwa. A nan ne fadawansa suka gane abu ɗaya: doki ba ya bin mutum cikin teku.

To, ina za a sami jiragen yaƙi da gaggawa? Sassaƙa babban jirgi yakan ci watanni da kuɗi mai yawa, baitulmali kuwa ya bushe. Amma a tashoshin kudu irin su Quanzhou da Guangzhou akwai jiragen fatake masu kai alharini da tangaran ƙasashen waje, su komo da masoro da itacen ƙamshi. Jirage ne masu ƙwari. An raba cikinsu ɗaki-ɗaki da katako, yadda in gefe ɗaya ya huje ruwa ba zai cika sauran ba. A 1974 an tono irinsu ɗaya a Quanzhou, aka iske ɗakunansa 13. Matuƙansu kuma sun san teku, har suna aiki da kamfas.

Sai hukuma ta shiga tattara su. Tun a 1129 aka tsara abin da za a ƙara wa kowane jirgi. A can saman dogon itacen jirgin a ɗaura 'yar rumfa inda mai tsaro zai hangi abokan gāba. A gefe a kafa katangar katako da za ta tare kibau. A goshi a sa ƙarfe na tunkuyi. A bisa a girka babbar majajjawa ta katako mai jefa duwatsu da ƙunshin albarushi mai cin wuta, a kuma ajiye kibau masu wuta. Ba a manta da kayan kashe gobara ba, kuma za mu ga dalili.

An gwada wannan dabara a 1130. Jin suna komawa arewa da ganima, sai wani jarumi mai suna Han Shizhong ya tare su a kogin Yangtze, a wani wuri da ake kira Huangtiandang. Mutanensa kamar 8,000 ne kawai, amma yana da manyan jiragen teku. Sukan jefa ƙugiya mai sarƙa su kamo ƙananan kwale-kwalen Jin su kifar. Ana ba da labari cewa matarsa, Liang Hongyu, ita ta riƙa kaɗa gangar yaƙi. Ɗalibanmu mata su lura da wannan. Kwana 48 Jin suka yi ba su sami haye kogi ba.

Amma jirgin kaya jirgin kaya ne. An yi shi domin ya ɗauki nauyi, iska ta tura filafilansa na tabarma da gora ya tafi a hankali. In babu iska, ba ya motsi. Wani mutum da ya san jirage ya tona wa Jin wannan asiri. Suka zuba ƙasa cikin kwale-kwalensu don kada su riƙa tangaɗi, suka jira ranar da iska ta kwanta, suka tuƙo da hannu, suka yi ta harba kibau masu wuta cikin filafilan. Manyan jiragen suna tsaye cik, suka kama wuta. Han Shizhong ya sha da ƙyar.

A ganinmu wannan hasara ta koya wa Song abin da nasara ba za ta koya musu ba. A 1132 suka kafa rundunar ruwa ta dindindin, hedkwatarta a Dinghai. Suka kuma sassaƙa jiragen yaƙi na ainihi, har da waɗanda mutane ke taka wata ƙafa daga ciki tana juyawa cikin ruwa, ba ruwansu da iska.

Duk da haka ba a daina karɓar jiragen fatake ba. Aka rubuta sunayen masu manyan jirage, aka raba su kashi-kashi, kowane kashi da lokacin da zai yi wa sarki aiki. A nan ne kukan yake. Da kaka Jin suka saba kawo hari, daga nan zuwa hunturu ne ake tsare jiragen. Da hunturu kuwa iskar arewa ke busawa, wadda fatake ke jira duk shekara ta kai su kudu. Wanda aka riƙe jirginsa ya rasa cinikin shekara ke nan. Shi ya sa waɗansu suka riƙa ɓoye jiragensu, waɗansu suka koma sassaƙa ƙanana waɗanda ba su kai girman da doka ta faɗa ba.

A 1161 Jin suka shirya jirage ɗaruruwa don su auka wa Hangzhou, sabon babban birnin Song, ta teku. Li Bao ya tashi da jirage 120 da mutum wajen 3,000, ya iske su a Tangdao, kusa da gaɓar Shandong, tun ba su taso ba. Iska ta juyo daga kudu tana bayansa. A wannan karo mutanen Song ne suka harba wutar, jiragen Jin suka ƙone.