Yadda Ake Jawo Ruwan Famfo Zuwa Ƙauyen Bayan Khartum

Aikin yana farawa ne da lissafin kuɗin jaki. A ƙauyukan da birnin Khartum ya haɗiye, da unguwannin da suka tsiro a gefensa, irin su Mayo da Kalakla ta kudu, Salha da Darussalam a ɓangaren Omdurman, ko Haj Yusif a gabashin kogi, duk gidan da bututu bai kai ba daga amalanken jaki yake sayen ruwa. Karo suke ce masa: duro biyu ne aka haɗa da walda aka ɗora kan tayoyi. Mai karo ya cika a rijiyar burtsatse ya bi layi yana sayarwa jarka-jarka, kuma gwargwadon nisanka da rijiya, gwargwadon tsadar ruwanka. Wani bincike da Sandy Cairncross da Joanne Kinnear suka buga a 1992 ya nuna cewa a Mayo ruwa yana cin kusan kashi 17 cikin ɗari na abin da gida ke samu, a unguwar Karton Kasala kuwa ya haura rabi. Saboda haka mai son tayar da maganar famfo ba da jawabi yake farawa ba. Wajen mata yake zuwa, domin su ke ƙirga jarka. Su faɗa masa abin da mai karo ke karɓa kullum, ya tara na wata, ya tara na shekara. Wannan adadin shi ake karantawa a taro, kuma shi ne yake sa magidanci mai taurin hannu ya gyara zama.

Taron a harabar masallaci ake yinsa, bayan Juma'a ko bayan Magariba, a nan kuma ake kafa kwamiti. Mutanen Sudan sun daɗe da wannan. Tun zamanin Ja'afar Numairi, wanda ya yi mulki daga 1969 zuwa 1985, ake gina makarantu da ɗakunan shan magani da abin da suke kira aun zati, wato taimakon kai da kai, ga kuma nafir, gayyar da suka gada kaka da kakanni. Gwamnatin Umar al-Bashir ta zo a 1989 ta kafa kwamitocin unguwa da ake kira lajana sha'abiyya, waɗanda hatiminsu ke kan kowace takarda. Bayan faɗuwarsa a Afrilun 2019 aka maye gurbinsu da kwamitocin sauyi da hidimomi. Masu hankali sukan bar wa kwamitin hukuma hatiminsa, su kafa wani daban don ruwa kaɗai, domin gwamnati na iya sauyawa alhali rami yana buɗe. Ma'aji ya zama mai shago a unguwar, wanda ba zai iya ɓacewa dare ɗaya ba. Magatakarda ya zama malamin makaranta. A sa mata a ciki, a sa kowace ƙabila, domin waɗannan unguwanni tarkacen ƙasa ne gaba ɗaya: ɗan Darfur, ɗan duwatsun Nuba, Balaraben kogi, da Hausawa da Fulani jikokin mahajjata da na waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙabilar da ba ta ga nata a kwamiti ba, za ta ce bututun a layinta zai ƙare, kuma sau da yawa ba ƙarya ta yi ba.

Kada a karɓi ko sisi tukuna. Akwai tambayar da ta riga kuɗi: shin hukuma ta san da zaman unguwar a taswira? Hukumar Ruwa ta Jihar Khartum ba ta shimfiɗa bututu inda babu layukan da safiyo ya fitar, kuma tana da hujja, don ba a binne bututu a hanyar da gobe za ta zama ɗakin wani. Ƙauyen da birni ya cim masa, gidajensa a gwame suke, lungu ya shiga lungu, mutane suna zaune da shaidar gado ko ta maƙwabta. Dole sai ofishin tsara ƙauyuka ya turo safiyo, ya ja layi, ya ba kowane fili lamba. Nan ne zumunci yake gwaji. Layin safiyo bai san katangar liman ba. Wani zai rasa zaure, wani rabin tsakar gida, wani kuma a ce masa ya tashi gaba ɗaya a ba shi fili a wani wuri. Tsofaffi suna tsoron wannan mataki, kuma suna da dalili. Bayan ambaliyar Agustan 1988, musamman a shekarun 1990 lokacin da Sharafuddin Bannaga ke riƙe da ma'aikatar gidaje ta jihar, an rushe unguwanni da yawa aka kwashe mutanensu zuwa bayan gari. Ishash Fallata, tsohuwar unguwar Hausawa da Fulani a Khartum, a wannan zamanin aka tashe ta aka mai da jama'arta Ingaz. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya hango safiyo da sandarsa gabansa zai faɗi. Aikin kwamiti shi ne ya bi gida-gida tun kafin safiyo ya iso, a sasanta wanda zai rasa da wanda zai samu, a kuma yarda cewa wanda aka yanke wa gida za a rage masa kuɗin bututu.

In taswira ta samu, sai takarda ta kama hanya: daga kwamiti zuwa ofishin yanki, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, wadda suke kira mahalliyya (bakwai ne a jihar: Khartum, Jabal Auliya, Omdurman, Umbadda, Karari, Bahri da Sharƙ an-Nil), sannan zuwa hukumar ruwa. A ware mutum ɗaya mai haƙuri wanda ba shi da aikin safe, a ba shi kuɗin mota, ya zama shi ne fuskar da ma'aikata suka sani. Takardar da ba ta da mai bin ta, a aljihun tebur take tsufa.

Injiniyan hukuma zai zo ya duba abu biyu. In babban layi daga ɗaya daga matatun kogi, kamar ta Soba ko ta Manara da ke Omdurman, wadda kamfanin Biwater na Ingila ya gina aka buɗe a 2010 da ƙarfin tace kubik mita dubu 200 a rana, yana wucewa kusa, to a ja daga gare shi. In babu, sai rijiyar burtsatse da tanki a sama. Rijiya ta fi ba unguwa 'yanci, amma caca ce. Akwai wuraren da ruwan yake fitowa da gishiri. Ga kuma matsalar masai: bututun kwashe ƙazanta ɗan yanki kaɗan na birnin ya kai, mafi yawan gidaje rami suke haƙawa, wasu har ya taɓa ruwan ƙasa. Don haka a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a yanka ragon murna. Daga nan injiniya ya rubuta ƙiyasi: tsawon bututu, faɗinsa da inci, makullai, gwiwoyi, injin turo ruwa. Rabon da aka saba shi ne jama'a su sayi kaya su haƙa rami, hukuma ta kawo zane, ta sa ido, ta yi haɗin ƙarshe. Ƙaramar hukuma takan yi alkawarin nata kason. A rubuta alkawarin, a gode, amma kada a sa shi cikin lissafi. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, baitulmalin ƙananan hukumomi da ƙyar yake ɗaukar albashi.

Kuɗin kan fili ake raba shi, ba kan mutum ba, kuma har da filin da ba a gina ba, tun da ranar da ruwa ya zo farashinsa zai tashi. Mai irin wannan fili yawanci yana cikin gari ko yana Saudiyya, nemo shi ma aiki ne. A raba biya kashi-kashi. A yafe wa gwauruwa mai marayu a bainar jama'a, don kada a yi ta tsegumi daga baya. Mata sukan shigo da adashinsu, wanda a can ake kira sanduƙ, su jera kwasa ta yadda kowace za ta biya kason gidanta a kan lokaci.

Duk da haka kuɗin gida-gida ba ya isa, kuma a nan kasuwar Suk al-Arabi take shigowa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, ita ce cibiyar Khartum: Babban Masallaci a tsakiya, benayen masu zinariya, 'yan canji, shagunan waya da na yadi, ga tashoshin mota a gefenta inda bas-bas na kusan kowace unguwar bayan gari ke sauke mutane da safe su kwashe su da yamma. A wancan lokaci, ɗan ƙauyen da ya yi arziki a nan shagonsa yake, ko kuma a Suk Libya ta Omdurman. Dattawa biyu ko uku za su sa farar jallabiya da rawani, su riƙo kwafin ƙiyasi mai hatimin hukuma, su zauna a shagonsa a kawo shayi. Ba a cewa "ka taimaka". Ana cewa, "Ya Haj, layin gidan mahaifiyarka mita kaza ne, ga farashinsa." Attajiri ya fi son ya san ainihin abin da ya saya, kuma ya fi sakin hannu in an nuna masa abin da takwaransa na shagon gaba ya rubuta. Ta hannun waɗannan 'yan kasuwa ne kuma gudummawar masu aiki a Jidda da Riyad da Dubai take isowa. Akan kai takarda Diwanin Zakka da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa, musamman don rijiya da tanki, tun da mai neman sadaka mai gudana ya fi son abin da za a liƙa wa allo da sunansa. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ba shi da wannan farin jini.

Kuɗi in ya shigo, kada ya kwana. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a Yulin shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Kwamitin da ya ce sai kuɗi ya cika zai sayi kaya, ya wayi gari abin da ya tara bai kai rabin ƙiyasi ba, ma'aji kuma ya sha zargin sata alhali bai taɓa ko kwabo ba. Abin da ya shigo wannan mako, a tafi da shi kasuwar Sajjana, inda ake sayar da kayan gini, a mai da shi bututu, a jibge a harabar masallaci inda kowa zai gani. A tafi da injiniya ko falamba amintacce, saboda akwai bututu mai kaurin ƙarya da ke fashewa da zarar ruwa ya yi ƙarfi. Tun da manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta yaɗu, hoton shaidar tura kuɗi ya zama rasit, amma duk da haka a liƙa sunayen waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba a ƙofar masallaci. Kunya tana karɓo abin da wasiƙa ta kasa.

Haƙa kuwa da sanyi ake yi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da bazara zafin Khartum ba ya barin mutum ya ɗaga diga bayan hantsi, da damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, rami ya zama kwata. Kowane gida ya haƙa gabansa, a haɗu a yi gayyar mahaɗar hanyoyi da gaban gidajen marasa ƙarfi, mata su kawo shayi da asida. Zurfi ya kai wajen mita guda, kuma kwamiti ya auna da sanda, don akwai mai haƙa taƙi biyu ya ce ya gama, motar yashi ta bi ta kai ta murƙushe bututu. Inda ƙasa baƙar laka ce, mai kumbura da ruwa ta tsage da rani, sai an shimfiɗa yashi ƙasa da sama. A nisanta daga ramin masai. Kowane layi a sa masa makullinsa, don in wuri ɗaya ya fashe kada a kashe wa gari duka. Sannan a saki ruwa a gwada rami yana buɗe, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ana neman yoyo, a wanke da kulorin, kafin a mayar da ƙasa.

Ranar da aka haɗa, bututun ya zama na hukuma. Mutane sun saya, sun haƙa, sun binne, yanzu kuma za su fara biyan kuɗin wata, wanda aka ƙayyade bisa darajar unguwa, ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, ake kuma karɓarsa tare da kuɗin wutar lantarki. Wato ko famfo ya yi wata yana busa iska, ba ka sayen wuta sai ka biya ruwa. A ganina wannan shi ne rashin adalcin da ya fi kowanne a cikin tsarin, domin unguwannin tsakiyar gari da gwamnati ta shimfiɗa wa bututu tun zamanin Turawa ba a taɓa cewa su fito da diga ba. Sai kuma fitinar cikin gida: da zarar ruwa ya yi rauni, masu hali za su sa injin zuƙa a bakin famfonsu, na ƙarshen layi ya koma wa mai karo alhali ya biya kasonsa cif. Kwamitin da ya watse ranar walima ya bar wannan rigima ba mai raba ta. Ya kamata ya ci gaba da zama, da ɗan asusun gyara, da yarjejeniyar ba layuka ruwa bi da bi ta hanyar makullan nan.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya ƙara wa aikin wasu matakai. Matatar Bahri ta tsaya tun makonnin farko, mutane suka koma ɗiba daga kogi. An wawashe Suk al-Arabi, kuma lokacin da soja suka karɓe tsakiyar Khartum a Maris 2025, kango suka tarar. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari tashoshin wuta na Omdurman, injinan ruwa suka mutu, kwalara ta biyo baya, har ma'aikatar lafiya ta sanar da mutuwar mutum 172 cikin mako ɗaya, mafi yawansu a jihar Khartum. Matasan ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda suka riƙe tukwanen abincin sadaka, su ne suka riƙa tara kuɗin mai da na gyaran rijiyoyi. Yanzu kwamitin ruwa a waya yake neman attajiransa, wasu a Alƙahira, wasu a Fort Sudan, wasu a Jidda. Ƙiyasi kuma ya sauya. Ba a dogara da wutar gwamnati, sai a sa farantan sola da za su iya tayar da injin rijiya su cika tanki kafin la'asar. Wayar tagulla da aka tone aka sace sai an sake saya. A ƙarshen takardar kuma akan ƙara layi biyu da da can ba a damu da su ba: kuɗin katanga da ƙofar ƙarfe a kewaye rijiya, da albashin mai gadi na shekara guda, a biya tun kafin a ɗaura faranti na farko.