Gayyato Shugabannin Duniya Zuwa Jami'a: Nazarin Tsarin Kolombiya da na Boston

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu da jami'o'in Amurka ke bi wajen haɗa ɗalibai da shugabannin ƙasashe, wato laccar yini guda da zaman baƙunci mai tsawo. Binciken ya nuna cewa amfanin shirin yana rataye ne a kan damar da ɗalibi ya samu ta yin tambaya.

1.0 Gabatarwa

Jami'a fage ce ta muhawara, shugaba kuwa ya saba da a saurare shi ba tare da jayayya ba. Haɗa su wuri guda yakan haifar da tambaya: shin baƙon ya zo a karrama shi ne, ko a tuhumi manufofinsa?

2.0 Tsarin Jami'ar Kolombiya

A shekarar 2003, shugaban Jami'ar Kolombiya, Lee Bollinger, ya kafa dandalin shugabannin duniya. Jami'ar tana birnin New York, inda shugabanni ke hallara kowane watan Satumba domin Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka samun baƙi bai yi mata wuya ba. A ranar 24 ga Satumba, 2007, shugaban Iran, Mahmud Ahmadinejad, ya yi jawabi a wurin duk da zanga-zangar masu adawa da gayyatar. Bollinger ya gabatar da shi da kakkausar suka, shi kuma ya koka cewa an ci zarafin baƙo. Mahalarta sun yi tambayoyi, amma zaman bai wuce yini guda ba, kuma cacar bakan manyan biyu ce ta mamaye labarin.

3.0 Tsarin Jami'ar Boston

A shekarar 2001, Charles Stith, tsohon jakadan Amurka a Tanzaniya, ya kafa cibiyar adana tarihin shugabannin Afirka a Jami'ar Boston. Baƙonta na farko, a 2002, shi ne Kenneth Kaunda, wanda ya mulki Zambiya daga 1964 zuwa 1991, ya kuma miƙa mulki bayan ya sha kaye a zaɓe. Wanda ya sauka daga kujera ba ya fargabar zaɓe mai zuwa, zamansa na watanni kuwa yakan ba ɗalibi damar maimaita tambayar da aka kauce mata jiya. Sai dai tsohon shugaba yakan so gyara tarihinsa, kamar batun mulkin jam'iyya ɗaya da Kaunda ya shimfiɗa.

4.0 Kammalawa

Tsarin farko ya fi jan hankalin duniya, na biyu ya fi zurfin ilimi. A dukkansu, bayanin shugaba shaida ce ta mai ruwa da tsaki, wadda ya wajaba manazarci ya auna ta da rubutattun bayanai kafin ya kafa hujja da ita.