Tankin da aka ce babu komai a cikinsa

Daga Ƙofar Dawanau ka miƙi titin Katsina har kasuwar hatsi ta Dawanau, tankuna ne ko'ina: na gidajen mai binne a ƙasa, na dizal a bayan injina, farare na iskar gas kwance a kan ƙafafun kankare, ga na man gyaɗa da na waken suya. Ƙera su da gyaransu ne sana'ata, kuma maganar da ta fi tayar mini da hankali a bakin masu su ita ce: "Malam, ai babu komai a ciki, ɗan liƙe mana nan kawai."

Akwai komai a ciki. Ruwan fetur ba shi ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne, idan ya gauraya da iska. Tankin da ya cika maƙil ba shi da sararin wannan gauraye; wanda aka juye kuwa cikinsa duka tururi ne da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Ba ya buƙatar yawa: kashi 2 cikin 100 na tururin fetur a iska ya isa. Ka haska tankin da aka "kwashe" ka gani. Baƙar laka kwance a gindi, tsatsa ɓawo-ɓawo a bango, duk sun sha mai sun ƙoshi. Da zarar zafin walda ya ratsa ƙarfen, sai su fara amayar da shi. Dizal da man gyaɗa da ake rainawa su ma haka suke yi idan ƙarfe ya yi ja.

Don haka 'yan'uwana masu walda, kafin a kunna inji a kwance bututun da ke shiga tankin a toshe bakinsa, rufe bawul kaɗai bai wadatar ba. A kwashe lakar, a wanke da tururin ruwan zafi, a hura iska, sannan a zura mitar gwaji sama da ƙasa. Hanci ba mita ba ne. Ƙaramin tanki ko duro, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a liƙe.

Shiga ciki ya fi ba ni tsoro, domin nan ba wuta ba ƙara. Tsatsa da ruɓaɓɓen mai suna shanye iskar numfashi a rufaffen tanki. Yaro ya sauka da soso da bokiti, a ji shiru. Abokinsa ya bi shi don ceto, shi ma shiru. Kuma kusan kullum ƙaramin yaron shago ake turawa, wai shi ne bakin tankin zai ɗauka. Wannan zalunci ne. Kada kowa ya sauka sai an gwada iskar, da igiya a ƙugunsa, da mutum tsaye a baki wanda ya san ba zai shiga ba ko me ya faru.

Masu gas kuwa, kada ciko ya wuce kashi 85 cikin 100. Ruwan gas yana kumbura a zafin Afrilu na Kano, sararin da aka bari na numfashinsa ne. Gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo kwata yake bi ya kwanta har ya iske murhun mai ƙosai. Ruwan sabulu a mahaɗar bututu yana tona yoyo da kumfa. Lasisin hukumar NMDPRA a bango ba ya yi muku wannan aikin.

Mun ga abin da tururin fetur ya yi a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, lokacin da wata tanka da ta kife ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. A fili ne wannan, ba a cikin rufaffen ƙarfe ba.

Alhaji mai tanki, wanki da gwaji yini guda ne ko biyu. Idan mai tanki ya ce ba zai jira ba, ɗan'uwa, naɗe wayarka ka ɗora injinka a Keke Napep ka tafi.