Bayan An Watse Daga Zaman Makoki

Karatu: Farawa 50:1-14, Ayyukan Manzanni 6:1-6

Gabatarwa

Sa'ad da Yakubu ya rasu a Masar, Yusufu ya kai gawarsa ƙasar Kan'ana, aka yi makoki na kwana 7, sa'an nan ya koma bakin aikinsa a baƙuwar ƙasa. Haka yake faruwa da yawancinmu a Abuja. Tun da aka maido da gwamnatin tarayya nan a 1991, iyalai suka yi ta zuwa neman abinci daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa da Borno. In mutuwa ta zo, sai a kai gawa gida, dangi su taru. Bayan jana'iza gwauruwa ta dawo Karu ko Kubwa ita da 'ya'yanta, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, babu mai leƙowa. A nan ne makoki yakan fi nauyi.

Kuka ba rashin bangaskiya ba ne

Ubangijinmu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Rashin barci, rashin cin abinci, fushi da mantuwa duka sukan biyo bayan rashi. Sukan fi tsanani in mutuwar ta fuju'a ce, kamar ta mutum fiye da 70 da bam ya kashe a tashar motar Nyanya ran 14 ga Afrilu, 2014, yawancinsu suna hanyar zuwa aiki. Kada mu hana irin waɗannan iyalai kuka da cewa su yi haƙuri kawai.

Aikin ikilisiya

Da aka yi gunaguni cewa ana manta da waɗansu gwauraye a Urushalima, ikilisiya ta zaɓi mutum 7 ta danƙa musu aikin. Abin da aka bar wa kowa, ba mai yinsa. Saboda haka:

1. Dattawa da Zumuntar Mata su sa mutum biyu su riƙa ziyartar gidan har shekara ta zagayo, musamman lokacin Kirsimeti da ranar rasuwar.
2. Mai ziyara ya fi saurare bisa magana, ya kuma kira marigayin da sunansa.
3. A gaya wa yara gaskiya. In aka ce baba ya yi tafiya, za su yi ta jiransa.
4. A taimaka da takardar shaidar mutuwa da neman haƙƙin fansho.
5. A kāre gwauruwa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta haramta al'adun wulaƙanta gwauraye a Babban Birnin Tarayya.

Yaushe za a nemi likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki baƙin cikin da ya wuce wata 6 yana hana mutum harkokinsa a matsayin cuta mai neman magani. Wanda ya kai haka, a raka shi Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Wanda yake maganar kashe kansa kuwa, a kai shi a ranar. Ganin likita ba ya rage addu'a.

Tambayoyi

1. Wane gida ne a ikilisiyarku ya yi rashi bara?
2. Wa zai ziyarce shi a makon nan?