Wasiƙar Nasiha ga Matasan Ikilisiya Kan Renon Bangaskiya da Naciya a Aikin Bishara

Zuwa ga samari da 'yan matan ikilisiyoyin da ke sujada da harshen Hausa.

Bangaskiya, a koyarwar Kirista, ita ce dogaron mutum ga Allah bisa abin da ya aikata ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu, kuma ba a gadonta yadda ake gadon gona, domin kowane ɗa sai ya karɓe ta da kansa, ya kuma rene ta da kansa. Bishara kuwa ita ce labarin wannan ceto, wanda aka ɗora wa kowane mai bi nauyin isar da shi. Yawancin matasan yau a cikin ikilisiya aka haife su, sun tarar da majami'a a gine da Littafi Mai Tsarki a fassare, kuma wannan sauƙin ne ke sa wasu ɗaukar cewa aikin Allah na gaggawa ne, har gwiwarsu ta yi sanyi idan shekara ta zagayo ba su ga sakamako ba.

Tarihin shigowar bishara arewacin Nijeriya ya isa ya gyara wannan tunani. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga cikin ƙasa, amma kafin 1894 ta ƙare biyu na farko sun rasu da cuta, Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi, sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani daga baya da SIM, ta kafa tasha ta farko a Patigi. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900 sarki ya sallame su, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya yi wa aiki mai yawa, bai fito ba sai 1932. Sai dai zai zama rashin adalci a tsaya kan sunayen Turawa, domin mafi nauyin aikin 'yan ƙasa ne suka ɗauka, musamman bayan kafa ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa a 1948, wadda ake kira EMS a yau. Mai bishara na ƙauye shi ke noma abincin gidansa da damina, shi ke buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya don kiran sujada, shi ke koya wa manya karatu da rani, shi ke taka keke zuwa ƙauyen gaba ya yi wa'azi ga mutum biyar a kan dakalin ƙasa, kuma da yawansu sun tsufa a wurin aikinsu ba wanda ya rubuta sunansu.

Abu na farko da ya riƙe waɗannan mutane shi ne karatun Maganar Allah kullum, kuma a nan ne raunin wannan zamani ya fi fitowa. Matashi na iya haddace ayoyi warwatse da ke yawo a wayoyi, amma bai taɓa karanta Bisharar Markus daga farko zuwa ƙarshe ba, alhali surori 16 ne kawai, wanda ke karanta sura ɗaya a rana zai gama cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Karatun littafi sukutum yana kare mutum daga yanko aya a raba ta da mahallinta, wato abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta, wanda shi ne tushen yawancin koyarwar ƙarya. Yana da kyau kuma ɗan makaranta ya riƙe fassarar Hausa kusa da ta Turanci, domin mahaifiyarsa a ƙauye da abokin cinikinsa a kasuwa da Hausa za su tambaye shi, kuma wanda bai iya bayyana alheri, wato kyautar Allah ga wanda bai cancanta ba, da harshen da yake mafarki da shi, to da wuya a ce ya fahimce shi sosai. Ga waɗanda suka tashi a gidan da ake shimfiɗa tabarma da asuba, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya yage don yawan amfani, uba ya karanta nassi, uwa ta yi addu'a kafin kowa ya kama hanyar gona ko makaranta, abin da ake roƙonsu shi ne kada su bar wannan al'ada ta tsaya a kansu idan sun yi nasu gidan.

Abu na biyu shi ne zumunci, wato zaman tare da sauran masu bi cikin sujada da ɗaukar nauyin juna. Wa'azin da ake saurare a waya yana da amfaninsa, amma mai wa'azin bai san mai sauraro ba, ba zai tsawata masa ba, ba kuma zai zo gaisuwa ranar rashi ba. Ajin baftisma, da makarantar Lahadi, da ƙungiyar matasa, da zama kusa da dattawan ikilisiya da iyaye mata na Zumuntar Mata, su ne wuraren da ake gyara hali. A kuma yi hattara da koyarwar da ke auna bangaskiya da dukiya, domin tana barin talaka mai aminci da zaton Allah ya yashe shi.

Shaida, wato faɗin abin da mutum ya sani game da Almasihu ga wanda bai sani ba, tana farawa ne tun kafin a buɗe baki. A yawancin garuruwan arewacin Nijeriya da kudancin Nijar maƙwabcin Kirista Musulmi ne, mai addini da ilminsa, wanda ke lura da mudun da ake auna masa hatsi, da bashin da aka ci ko an biya a kan lokaci, da ko an leƙo ranar suna da ranar ta'aziyya. Matashin da aka sani da satar amsa a jarrabawa ko cin amanar maigidansa ya riga ya rushe wa'azinsa. Idan kuma magana ta zo, wasiƙar Bitrus ta fari ta umarci mai bi ya kasance a shirye ya ba da dalilin begensa, amma ta gindaya sharaɗin ladabi da girmamawa, saboda haka zagin abin da wani yake girmamawa, ko a zaure ko a Facebook, ba bishara ba ce, kuma ya sha jawo asarar rayuka. Haka nan sayen zuciya da kuɗi ko alkawarin aiki ko aure ba ya haifar da tuba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addini da sauya shi da yaɗa shi, amma doka ba ta koyar da lokacin magana da lokacin shiru, wannan sai da hikima da addu'a da shawarar manya.

Babban abin da ke kashe naciya a yau shi ne ɗacin rai, kuma ba za a raina dalilinsa ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, ta ga an ƙone majami'unta masu yawa a rikicin Boko Haram, yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilu na 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi, duk da haka ta riƙe koyarwarta ta ƙin ramuwa, har agajinta ya kai ga Musulmin da rikicin ya raba da gidajensu. Gafara ba ta hana neman adalci a gaban hukuma, ba ta kuma hana kuka, abin da take hanawa shi ne a ɗora laifin 'yan ta'adda a kan maƙwabcin da shi ma ya binne nasa, domin ba wanda ke iya kai labarin ƙauna ga mutanen da ya tsana.

Naciya tana bukatar a daina ƙirga kai a matsayin ma'aunin nasara, tun da juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, na mai bi kuwa aminci ne kawai. Manzo Bulus ya zauna wata 18 a Korinti yana ɗinkin tanti yana koyarwa, ya kuma yi kusan shekara 3 a Afisa, kuma dukan wasiƙunsa ga waɗanda suka riga suka ba da gaskiya ya rubuta su. Wannan shi ne almajiranci, wato renon sabon mai bi har ya tsaya da ƙafafunsa, kuma shi ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi bayan an watse daga babban taron wa'azi. Wanda ya ba da gaskiya, musamman idan danginsa sun juya masa baya, yana bukatar ɗakin kwana da abinci da sana'a, da kuma wanda zai zauna da shi kowane mako su karanta nassi tare, kuma ya kamata kowace ƙungiyar matasa ta zauna da fastonta da dattawa ta tsara wanda zai ɗauki kowane ɗaya daga cikin waɗannan nauye-nauye tun kafin ta fita wa'azi.