Ajiyar Na'urar Gano Ƙarfe da Baturanta: Darasi Kan Zafi, Sanyi da Laima

Gabatarwa

Na'urar gano ƙarfe ta daina zama baƙuwa a ƙasar Hausa. Tun bayan hare-haren Kano na watan Janairu 2012 aka riƙa ganin ƙaramarta a hannun masu gadin ƙofofin masallatai da makarantu. Babbarta kuwa, mai faifai a ƙasa da doguwar sanda, ta yi suna bayan da aka gano zinariya a Djado ta arewacin Nijar a shekarar 2014. A Turai da Amurka masu irin wannan na'ura kan jingine ta da hunturu, saboda ƙanƙara na daskarar da ƙasa. A nan kuwa, wanda ya fita ci-rani da ita ya dawo Zandam ko Gwaram don noma, damina ce lokacin ajiyarsa, wata huɗu ko biyar. Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa ga batir a tsawon wannan lokaci, da yadda za a kauce wa asara.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Cikin faifan akwai waya da aka nannaɗe. Idan lantarki mai sauya alkibla ya bi ta cikinta, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. Da ya haɗu da ƙarfe, sai ya tayar da ɗan lantarki a jikinsa, wanda shi ma ke maido da nasa maganaɗisun, na'ura ta ji, ta yi ƙara. Tushen wannan ilimi shi ne binciken Michael Faraday na Ingila a 1831. Ke nan in babu batir mai lafiya, na'urar ta zama sanda kawai.

Batir Ba Ya Barci

Batir mai caji rumbun sinadarai ne. Ko an kashe na'ura, sinadaran na ci gaba da cuɗanya a hankali, cajin na zurarewa. Saurin zurarewar ya danganta da irin batirin. Na nikel, mai ƙarfin bolt 1.2, tsohon samfurinsa kan yi asarar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a wata guda, ko da yake tun 2005 akwai samfurin da ke riƙe caji har shekara. Na litiyam, mai bolt 3.7, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, asararsa kashi 2 zuwa 3 ce kacal a wata. Na dalma, irin na mota da wasu fitilun caji, idan ya daɗe babu caji sai wani gishiri ya daskare a kan farantansa, ya ƙi ɗaukar caji yadda ya kamata.

Zafi Ne Babban Maƙiyi

Ɗalibin ilimin halittu ya san dalilin da ya sa ƙadangare ke kwanciya a kan dutse da sanyin safiyar hunturu. Jikinsa ba ya samar da isasshen ɗumi, don haka sai rana ta gasa shi kafin gaɓoɓinsa su yi kuzari. Ƙa'idar ita ce, yawancin ayyukan sinadarai kan ninka saurinsu kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Selsiyos. Masanin Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya bayyana alaƙar zafi da saurin aikin sinadarai a 1889. Wannan ƙa'ida ce ke sa miya saurin lalacewa da bazara, kuma ita ce ke aiki a cikin batir.

A bisa wannan lissafi, batirin da ke ajiye a digiri 40 zai zurare, ya kuma tsufa, kusan ninki huɗu na wanda ke digiri 20. A yankin Birnin Kudu zafin rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi haka. Sanyin hunturunmu, wanda ke sauka ƙasa da digiri 15 da dare, ba ya cutar da batir. Alheri ne ma gare shi. Abin lura kawai shi ne kada a yi wa na litiyam caji idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, abin da kan auku a wasu darare can cikin Sahara. Matsalar hunturu a nan ita ce ƙura, matsalar damina kuma laima, wadda ke sa bakin ƙarfen da batir ke taɓawa ya yi tsatsa.

Matakan Ajiya

Na farko, a cire batir daga na'ura idan mai ciruwa ne. Wasu na'urori na jan ɗan lantarki ko an kashe su. Batirin da ba a yi masa caji kuwa, idan ya mutu a ciki yakan yoyar da wani sinadari mai cin ƙarfe, wanda ke bushewa ya zama farin gari.

Na biyu, a lura da yawan caji. Na litiyam ba ya son a ajiye shi cike taf, ba ya kuma son a bar shi fanko. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 ya fi. Idan ya zurare ƙwarai cikinsa kan lalace, yi masa caji daga baya na iya jawo gobara. Na dalma a ajiye shi cike. Na nikel a ajiye shi da caji, a sake cika shi kafin aiki.

Na uku, a zaɓi wuri. Ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi na kwano sanyi. A sa baturan cikin akwatin roba mai murfi, nesa da murhu, kada a haɗa su da makulli ko kusa ko kwabbai, don ƙarfe na iya haɗa bakunansu biyu su yi zafi.

Na huɗu, a duba su duk bayan wata biyu ko uku, a ƙara caji in ya ragu. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada a huda shi ko a jefa shi wuta. A goge faifai da ɗanyen tsumma, a bar shi ya bushe, a kuma sassauta wayar da ke naɗe a sanda.

Kammalawa

Akwai hakkin lafiya a cikin wannan al'amari. Gubar dalma daga duwatsun zinariya ta halaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010. Dalmar da ke cikin mataccen batir irin waccan ce. Don haka kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa, kada kuma a jefa shi kusa da rijiya ko a juji da ake kwasar taki. Manomi na sanin irin da zai shuka baɗi yana buƙatar busasshen wuri mai sanyi da dubawa a kai a kai. Batir ma haka yake so.